Mazaɓu Hamsin na Birnin Shikago

Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci a babban birni ya san amfanin a ce mutum yana da wanda zai kai wa kuka. Idan kwata ta toshe a ƙofar gida, ko shara ta taru mako guda ba a kwashe ba, ko kuwa hukuma ta ƙi ba da izinin buɗe kanti, abin da talaka yake nema shi ne mutum ɗaya wanda ya san sunansa, wanda kuma ake jin maganarsa a ofis. A Shikago, watau birni na uku wajen girma a ƙasar Amurka, wannan mutum shi ne wakilin mazaɓa. Sunan da aka daɗe ana kiransa da shi, alderman, tsohuwar kalma ce ta Ingila, ma'anarta kuwa dattijo. An raba birnin mazaɓu 50, kowace tana aika wakili ɗaya zuwa majalisar gari. Bisa ƙidayar 2020 mutanen birnin sun ɗara miliyan 2 da dubu 700, ke nan kowane wakili yana tsaya wa mutum wajen dubu 55. New York, wadda ta ninka Shikago sau uku, wakilanta 51 ne, Los Angeles kuwa 15 kacal. A wannan jawabi za mu duba yadda waɗannan mazaɓu suka samu, da yadda iyakar da ake shatawa a kan taswira take buɗe wa wasu ƙofa, ta rufe wa wasu.

An ba Shikago matsayin birni ran 4 ga watan Maris na 1837. A lokacin mutanenta ba su wuce dubu 4 da 'yan kai ba, suna zaune a fadama a bakin tafkin Michigan. Kogin garin ya raba shi gida uku, kudu da yamma da arewa, aka kuwa bi wannan rabo aka yanka mazaɓu 6. Huɗu daga ciki aka ba su wakilai bibbiyu, sauran biyun kuwa ɗai-ɗai saboda ƙarancin jama'arsu, duka-duka wakilai 10 ke nan. William Ogden shi ne magajin gari na farko. Tun a wannan lokaci aka kafa wata al'ada wadda ta daɗe ƙwarai: aikin da ya shafi titi ko unguwa, masu gidajen wurin ne za su nema, su ne kuma za su biya, wakilinsu ne zai kai maganar majalisa. Saboda haka sauran wakilai ba su cika tsoma baki cikin abin da ya shafi mazaɓar wani ba.

Garin bai tsaya yadda yake ba. Hanyar jirgin ƙasa ta iso, aka buɗe mayankar dabbobi da kasuwannin hatsi da na katako, baƙi suka yi ta kwarara daga Ailan da Jamus, daga baya kuma daga Folan da Italiya da Rasha. Mazaɓu suka zama 9 a 1847, suka kai 16 a 1863, suka kai 20 a 1869. Babbar gobarar da ta cinye tsakiyar birnin a watan Oktoba na 1871 ba ta hana wannan bunƙasa ba. A 1889 aka haɗe garuruwan da suke kewaye, irin su Hyde Park da Lake View, yawan mazaɓu ya tashi zuwa 34, ƙidayar 1890 kuwa ta nuna mutanen birnin sun haura miliyan ɗaya. A farkon ƙarni na 20 mazaɓu 35 ne, kowace da wakilai biyu, watau mutum 70 a zaure ɗaya. Ikon gari a hannunsu yake, magajin gari kuwa sau da yawa sai dai ya sa ido.

Abin da waɗannan wakilai suke da shi na sayarwa shi ne titunan birnin. Duk kamfanin da yake son shimfiɗa dogon tarago, ko binne bututun iskar gas, ko kafa turakun waya, dole ya nemi izinin majalisa, izinin kuwa yana da farashi. Jaridu suka laƙaba wa gungun wakilan da suke cin wannan kasuwa suna kyarketai. A 1895 suka yi abin da har yau ake ba da labarinsa: suka ba wani kamfanin gas mai suna Ogden izinin aiki, alhali kamfanin a takarda kawai yake, kuma 'yan siyasa ne masu shi. Nufinsu shi ne kamfanin da yake aiki da gaske ya tsorata, ya saye izinin da tsada. Wannan ya fusata mutanen gari, har a 1896 aka kafa wata ƙungiya ta masu jefa ƙuri'a wadda take bin diddigin kowane wakili tana buga halinsa a jarida kafin zaɓe. A watan Disamba na 1898, sa'ad da attajirin taragon nan Charles Yerkes ya nemi a tsawaita masa izininsa zuwa shekara 50, jama'a suka yi dafifi a zauren majalisa, wakilai suka ga fuskokin masu zaɓensu, aka kayar da buƙatar. Yerkes ya tattara nasa ya nasa ya koma Landan, inda ya sa hannu cikin gina hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Cikin wakilan wannan zamani babu waɗanda suka yi suna kamar mutum biyun da suka riƙe mazaɓa ta 1, wadda ta haɗa tsakiyar kasuwa da unguwar gidajen caca da na karuwai. Na farko shi ne John Coughlin, wanda ya fara da aikin cuɗa mutane a gidan wanka, ya shiga majalisa a 1892, bai fita ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a 1938, watau shekara 46. Na biyu shi ne Michael Kenna, mai mashaya, wanda ya shiga a 1897. A mashayarsa marasa galihu suna samun abinci kyauta, ranar zaɓe kuwa kowa ya san inda ƙuri'arsa za ta faɗa. Masu gidajen caca suna biyan kuɗin kariya, 'yan sanda suna kau da kai.

To, mai karatu zai tambaya, me ya sa talakawa suka yi ta sake zaɓen irin waɗannan mutane? Wadda ta fi kowa ba da amsa ita ce Jane Addams, matar nan da ta buɗe gidan taimakon baƙi na Hull House a 1889 cikin mazaɓa ta 19. Wakilin mazaɓar, John Powers, ɗan Ailan ne, galibin talakawansa kuwa 'yan Italiya ne da Yahudawa sababbin zuwa. Titunan mazaɓar sun cika da ƙazanta, har a 1895 Addams ta karɓi aikin duba-gari don ta bi bayan masu kwasar shara da kanta. Ita da abokan aikinta suka tsayar da 'yan takara don su kayar da Powers, na ƙarshe a 1898, amma suka sha kaye. Daga baya ta bayyana abin da ta koya. Powers shi ne mai biyan kuɗin jana'izar wanda ya mutu ba shi da kowa, shi ne mai belin yaron da aka kama, shi ne mai raba talotalo da Kirsimeti, har yakan yi alfahari da cewa mutum 2,600 na mazaɓarsa suna cin albashin hukuma ta dalilinsa. Wanda aka binne masa uwa cikin mutunci ba zai damu da farashin da aka sayar da izinin tarago ba, ko da yake shi ne yake biya kullum a kuɗin shiga taragon. Mutum kan ga alherin da aka miƙa masa hannu da hannu, amma asarar da aka raba wa gari duka ba ta da fuska.

Masu neman gyara suka ga cewa yawan wakilai yana cikin abin da ya ɓata majalisar, domin idan mutum biyu suna riƙe da mazaɓa ɗaya, kowa yana iya ɗora laifi a kan ɗan'uwansa. Aka sake doka, aka cire sunayen jam'iyyu daga takardar zaɓen wakilai, sa'an nan a 1923 aka raba birnin mazaɓu 50, kowace da wakili ɗaya. A 1935 aka mai da wa'adinsu shekara 4. Wannan tsari shi ne ake bi har yanzu. Amma dubi abin da ya faru a mazaɓa ta 1: Kenna ya bar wa Coughlin kujerar majalisa, shi kuwa ya riƙe shugabancin jam'iyya na mazaɓar, inda ainihin ikon yake. Gyaran ya rage kujeru, bai taɓa tushen abin ba.

A daidai wannan zamani wasu baƙin suka fara isowa, su kuwa daga cikin ƙasar suka fito. Baƙaƙen fata na jihohin kudu, jikokin bayi, suka yi ta hawa jirgin ƙasa zuwa arewa, suna gudun wariya da kisan gilla, suna neman aiki a mayanka da masana'antun ƙarfe. A 1910 yawansu a Shikago wajen dubu 44 ne, a 1920 sun kai dubu 109, a 1930 sun haura dubu 230. Masu gidaje suka ƙi sayar musu ko ba su haya sai a wani siririn yanki na kudancin birnin. Matsin ya yi tsanani, amma ya zo da wani abin da masu wariyar ba su yi tsammani ba: tun da an tara su wuri ɗaya, ƙuri'unsu ma sun taru wuri ɗaya. A 1913 jihar Ilinoi ta ba mata damar jefa ƙuri'a a zaɓen gari, 'yar jaridar nan Ida Wells ta bi gida-gida tana sa matan baƙaƙen fata su yi rajista. A 1915 mazaɓa ta 2 ta zaɓi Oscar De Priest, baƙar fata na farko da ya zauna a majalisar Shikago. A 1928 kuma aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai ta ƙasa. Da a ce birnin gaba ɗaya ne yake zaɓen wakilai a dunƙule, kamar yadda wasu biranen Amurka suka koma yi, da wuya a ce mutum irinsa ya sami kujera a wannan lokaci.

Anton Cermak, ɗan baƙi daga ƙasar Cek, wanda ya zama magajin gari a 1931, shi ne ya ɗinke ƙabilun birnin cikin jam'iyyar Dimokurat, ya gina abin da Amurkawa suke kira inji. Yadda injin yake aiki ba wuya a gane. Kowace mazaɓa tana da shugaban jam'iyya, a ƙarƙashinsa kuma akwai masu kula da rumfunan zaɓe, kowanne da 'yan titunansa. Galibinsu ma'aikatan hukuma ne, masu shara da masu duba ruwan famfo da akawuna, kuma jam'iyya ce ta sama musu aikin. Wanda ya kawo ƙuri'u ya ci gaba da cin albashi, wanda ya kasa a sallame shi. Injin ya kai ƙarshen ƙarfinsa a hannun Richard J. Daley, ɗan unguwar Bridgeport ta mazaɓa ta 11, wanda ya haɗa shugabancin jam'iyya da kujerar magajin gari daga 1955 har ya rasu a watan Disamba na 1976. A zamaninsa tsara kasafin kuɗi ya bar hannun majalisa ya koma ofishinsa. Aka yi wata yarjejeniya wadda ba a rubuta ba: wakili ya bi magajin gari a kan manyan al'amura, shi kuwa a bar masa mazaɓarsa ya yi sarauta. Leon Despres na mazaɓa ta 5, wanda ya zauna daga 1955 zuwa 1975, sau da yawa shi kaɗai yake cewa bai yarda ba, har akan kashe masa abin magana yana tsakiyar jawabi. Wakilai baƙaƙen fata shida da suke majalisar a shekarun 1960 kuwa, jama'a suka sa musu suna shida masu shiru, domin Despres, wanda Bature ne, ya fi su ɗaga murya a kan wariya.

Ba a ga illar wannan sarauta ta cikin mazaɓa a ko'ina kamar yadda aka gan ta a sha'anin gidaje ba. Bayan yaƙin duniya na biyu hukuma ta ɗauri aniyar gina wa talakawa gidaje masu rahusa, amma sai majalisa ta amince da filin da za a yi ginin. Wakilan unguwannin Turawa suka riƙa cewa ba a mazaɓarsu ba, sauran kuwa suka mara musu baya bisa tsohuwar al'adar nan. Sakamakon haka aka jibge gidajen a unguwannin baƙaƙen fata. Rukunin Robert Taylor kaɗai, wanda aka gama a 1962, dogayen benaye 28 ne, kowanne hawa 16, a jere a gefen babbar hanya. A 1966 wata mata mai haya a gidajen hukuma, Dorothy Gautreaux, tare da wasu, suka kai ƙara kotun tarayya. A 1969 alƙali ya yanke hukunci cewa an zaɓi filayen ne bisa launin fata. Ita kuwa ta riga ta rasu kafin a yanke hukuncin.

Sannu a hankali injin ya fara lalacewa. A 1971 mata suka shiga majalisar karo na farko, Anna Langford daga mazaɓa ta 16 da Marilou Hedlund daga ta 48. Ƙarar da wani lauya, Michael Shakman, ya shigar ta jawo hukunci a 1972 wanda ya hana korar ma'aikacin hukuma saboda siyasa, a 1983 kuma aka hana ɗaukarsa saboda ita. Da rabon aiki ya fara kuɓucewa, sai faɗan ya koma kan taswira. Doka ta ce bayan kowace ƙidaya, watau duk shekara 10, a sake shata mazaɓu don yawan jama'arsu ya daidaita, wakilan da suke kan kujera kuwa su ne masu shatawa. Ƙidayar 1980 ta nuna baƙaƙen fata sun kai kashi 40 cikin ɗari na birnin, kuma su ne masu rinjaye a mazaɓu 19. Taswirar da aka yi a 1981, zamanin magajiyar gari Jane Byrne, ta mai da su 17. Masu asali daga Meziko da Puerto Rico kuwa aka yayyanka unguwanninsu aka rarraba su cikin mazaɓu dabam-dabam, yadda ƙuri'arsu ba za ta yi nauyi ba. Aka garzaya kotu.

Shari'ar tana tafiya aka yi zaɓen watan Afrilu na 1983, inda Harold Washington ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar magajin garin Shikago. Majalisar da ya tarar an zaɓe ta ne bisa taswirar da ake ƙara a kanta. Wakilai 29, ƙarƙashin Edward Vrdolyak na mazaɓa ta 10 da Edward Burke na ta 14, suka haɗa kai suka kame kwamitoci duka, 21 suka tsaya tare da magajin gari. Su 29 ɗin suna iya zartar da doka, amma idan Washington ya hau kujerar na ƙi, sai da ƙuri'a 34 za su iya tsallake shi, ba su kuwa da ita. Shi ma ba ya iya samun amincewarsu ga mutanen da ya naɗa. Shekara uku aka yi ana wannan ja-in-ja, hukumomi da dama suna zaune ba cikakkun shugabanni.

Abin da ya warware rikicin shi ne taswira. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 1984 cewa gyaran da ƙaramar kotu ta yi wa shatar 1981 bai isa ba, aka sake zana iyakoki, aka kuma yi zaɓe na musamman a mazaɓu 7 a watan Maris na 1986. Vito Marzullo, haifaffen Italiya wanda ya riƙe mazaɓa ta 25 tun 1953, ya ga unguwarsa ta zama ta 'yan Meziko, ya ajiye kujerar. Jesus Garcia ya ci mazaɓa ta 22. A zagaye na biyu, cikin watan Afrilu, Luis Gutierrez ya ci ta 26, majalisa ta rabu 25 da 25, ƙuri'ar raba gardama kuwa ta magajin gari ce. Washington ya sake cin zaɓe a 1987, amma ran 25 ga watan Nuwamba na wannan shekara ciwon zuciya ya kama shi a ofishinsa, ya rasu. Ikon da ya yi shekara uku yana nema, shekara ɗaya da rabi kawai ya yi da shi.

Richard M. Daley, ɗan tsohon magajin gari, ya yi mulki daga 1989 zuwa 2011, majalisa kuwa ta koma bin umurni kamar da. Wakili ya ci gaba da zama mai faɗa a ji a kan izinin gini da lasisin kanti a mazaɓarsa, aka kuma ware wa kowanne wani kaso na kuɗi duk shekara don gyaran titi da fitilu yadda ya ga dama. A 2009 Joe Moore na mazaɓa ta 49 ya fara barin jama'arsa su jefa ƙuri'a a kan yadda za a kashe wannan kuɗi, wasu suka yi koyi da shi. Amma inda mutum ɗaya yake riƙe da mabuɗin ƙofa, ba a rasa mai neman saye. Daga 1972 zuwa yanzu wakilai fiye da 30 kotu ta samu da laifin cin hanci ko makamancinsa. Edward Burke, wanda ya zauna shekara 54, daga 1969 zuwa 2023, ya fi kowa daɗewa a tarihin majalisar, an same shi da laifi a watan Disamba na 2023, aka yanke masa ɗaurin shekara 2. Magajiyar gari Lori Lightfoot ta sa hannu a kan umurnin rage wannan iko na wakilai ranar da ta hau kujera a 2019, amma a kan sha'anin filaye da gine-gine al'adar ba ta gushe ba.

Taswirar da ake aiki da ita yanzu an amince da ita ne a watan Mayu na 2022. Doka ta tanadi cewa idan wakilai 10 suka ƙi taswira suka kawo tasu, sai a kai maganar gaban jama'a, don haka masu shata suna buƙatar ƙuri'a 41. Wata da watanni wakilan baƙaƙen fata da na masu asali daga Latin Amurka suna ciniki, domin yawan na farkon ya ragu, na biyun ya ƙaru. A ƙarshe aka daidaita da ƙuri'a 43 da 7: mazaɓu 16 masu rinjayen baƙaƙen fata, 14 na 'yan Latin Amurka, da kuma ɗaya, karo na farko, mai rinjayen 'yan asalin Asiya. Unguwar Sinawa, wadda aka daɗe ana raba ta tsakanin mazaɓu, ta haɗu wuri ɗaya. Wannan mazaɓa kuwa ita ce ta 11, watau gidan su Daley, inda 'yan Ailan suka yi shekara da shekaru suna juya birnin. Nicole Lee, wadda ta tashi a unguwar Sinawa, aka naɗa ta a kujerar a 2022, ta kuma ci zaɓe a 2023.

Masu sukar tsarin suna cewa bai kamata a bar wa wakilai almakashin yanka wa kansu mazaɓu ba, a miƙa aikin ga wata hukuma mai zaman kanta. Wasu suna cewa 50 sun yi yawa, a rage su zuwa rabi. Masu kare shi kuwa suna nuni da jerin waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa, daga 'yan Ailan da Folan har zuwa De Priest da Gutierrez da Lee, suna tambaya ko wace ƙofa ce za ta buɗe wa baƙon gobe idan aka faɗaɗa mazaɓu har ƙuri'ar unguwarsa ta narke a ciki. Kowane ɓangare yana da hujjarsa a cikin tarihin da muka bayar. Za a sake ƙidaya a 2030, bayanta kuma a sake shimfiɗa taswira a kan tebur.